Yadda ake kai soket tsakar gida ba tare da wuta ta ja kowa ba

Tambaya: Gidana a Kano yake. Iyali suna wanki da guga a tsakar gida, akwai kuma firiza a ƙarƙashin rumfar baya, kusan mita 25 daga inda akwatin bireka yake. Yanzu doguwar waya muke jawowa ta taga daga ɗaki. Ina so a sa soket biyu na dindindin a waje. Muna da janareta da inbata. Me zan saya, kuma me zan lura da shi a wurin mai wayarin?

Amsa: Malam, wannan wayar da ake jawowa ta taga ita ce ta fara cancantar a naɗe ta tun yau. Ana takawa, ƙofa tana matse ta, mahaɗinta yana kwance a ƙasa inda ruwan wanki ke bi, kuma da yawa daga cikin na kasuwa zare biyu ne kawai a ciki, babu wayar at, wato wadda ke kai wutar da ta zurara zuwa ƙasa, ko da filoginsu na da ƙafa uku.

Soket ɗin kansa shi ne ƙaramin abu a cikin aikin. Abin da ya raba tsakar gida da ɗaki shi ne mutumin da zai taɓa wutar. A ɗaki yana kan leda ko kafet, hannunsa a bushe. A tsakar gida ƙafarsa babu takalmi, simintin a jiƙe, hannunsa ya fito daga ruwan sabulu. Jikin da ke cikin wannan hali turjiyarsa ga wuta ba ta wuce om 1,000 ko kusa da haka ba (om shi ne ma'aunin turjiya). Wutarmu bolt 230 ce, to idan ka raba za ka ga wajen miliamfiya 230 ne zai ratsa shi (miliamfiya kashi ɗaya ce cikin dubu na amfiya, ma'aunin wutar da ke gudana). Mutum yana fara jin wuta tun daga miliamfiya 1, daga 10 zuwa 15 hannu yana ƙanƙamewa ya kasa sakin abin da ya kama, daga 30 zuwa sama kuma bugun zuciya yana iya rikicewa idan wutar ta ɗan daɗe. Kenan abin da zai kashe mutum bai kai ko kashi ɗaya cikin huɗu na amfiya guda ba.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, su ce ai akwai bireka. Bireka ta yau da kullum, wadda ake rubuta wa MCB, da fis ɗin da ke cikin filogi, aikinsu kare waya ne daga ɗaukar zafi da gobara. Mai lamba 16 ba za ta faɗi ba sai wuta ta haura amfiya 16. Ɗan abin da ke bi ta jikin mutum ba ta ma san da shi ba.

Abin da ke kare rai shi ne RCD, wata irin bireka ce mai gano zurarar wuta. Tana auna wutar da ta fita ta layif, wayar da ke kawo wuta, da wadda ta dawo ta nutural, wayar da ke mayar da ita. Idan suka yi daidai ta bar su, idan wani abu ya zurare ta wata hanya, ta jikin injin wanki ko ta ƙafar mutum, sai ta yanke. Wadda ake buƙata ita ce mai rubutun 30mA ko 0.03A a fuskarta, wato miliamfiya 30. Ka karanta da idonka, domin a kasuwa duk ELCB ake ce musu, kuma akwai masu 100mA da 300mA da aka yi domin rigakafin gobara, ba su isa kariyar jiki ba. Mai 30mA mai kyau tana yankewa cikin kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa idan zurarar ta kai 30, idan kuma ta kai 150 ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na daƙiƙa. Mutum zai ji fizgar, amma galibi zai tashi da ƙafarsa.

Iri biyu ne za ka tarar. RCCB zurara kawai take gani, ba ta san lodi ya yi yawa ba, dole a haɗa ta da MCB. RCBO ta haɗa aikin biyun a jiki ɗaya, kuma ita nake ba da shawara ga layin waje: a ba shi tasa shi kaɗai, ta amfiya 16 da 30mA, mai yanke layif da nutural tare. Dalilin yanke duka biyun shi ne ba abin mamaki ba ne a juya wayoyi a kan fal ko a wurin mita bayan wani gyara, nutural ta koma ita ce mai wuta. Idan injin wankin na zamani ne mai allon latsawa, a nemi RCBO nau'in A, ta fi nau'in AC gane irin zurarar da waɗannan injina ke yi. Dalilin ware layin kuwa, idan ruwa ya shiga soket ɗin waje tsakar dare, tsakar gidan kaɗai zai rasa wuta, ba gidan duka ba. Gidan da duk ruwan sama sai ya ɗauke masa wuta, ƙarshenta wani zai cire RCD ɗin ya haɗa kai tsaye.

Akwai iyakar abin da take yi: wanda ya kama layif da hannu ɗaya, nutural da ɗaya hannun, yana tsaye a kan busasshen abu, RCD ba ta bambanta shi da kwan fitila.

Sai maganar at. Gidaje da yawa a nan waya biyu kawai kamfanin wuta ke kawo musu, at kuwa maigida ne ke samar wa kansa da sandar da ya kafa a ƙasa. Kafin a sayi komai, a buɗe akwatin bireka a duba ko akwai wayar at ta gaske da ta fita zuwa sanda. Sau da yawa za a tarar koren zaren ya ƙare a cikin akwati bai je ko'ina ba, ko an ɗaure shi a jikin rodin gini, ko a bututun ruwan da rabinsa roba ne. Duk waɗannan ba at ba ne. Sanda ce mai rufin jan ƙarfe, kauri milimita 16, tsawo aƙalla mita 1.2, gara ma 1.8 ko a haɗa biyu, a buga ta a wuri mai danshi, a kama wayar da maƙalli na tagulla mai noti, ba a nannaɗe ta da hannu ba. Wayar da za ta bi ta cikin ƙasa zuwa sandar ta kasance lamba 16 mai riga (lambar waya ita ce faɗin jan ƙarfen cikinta a skwaya milimita). A gina ɗan akwati mai murfi a kan sandar domin a riƙa ganin mahaɗin.

Gawayi da gishirin da ake zubawa a ramin suna sauke turjiya da farko, amma gishiri yana cin sanda da maƙallin, damina biyu ko uku kuma ta wanke shi. Ƙarin sanda ta biyu ya fi ɗorewa, a nisanta ta da ta farkon da aƙalla tsawon sandar, a haɗa su da waya. A auna da na'urar auna at, ba da kwan fitila ba, kuma a auna da rani, wajen Maris ko Afrilu, lokacin da ƙasa ta bushe ƙarau, domin awon Agusta yaudara ne. Ƙa'idar wayarin ta Ingila, BS 7671, wadda yawancin aikinmu ke kwaikwayo, tana ɗaukar abin da ya haura om 200 a matsayin wanda ba a dogara da shi. Mai aiki nagari yana neman ƙasa da 100, kuma duk abin da ya sauka ƙasa da haka riba ce.

Lissafi ɗaya zai nuna maka dalilin da ya sa at da RCD ba sa rabuwa. A ce sandarka om 100 ce, layif ta taɓa jikin firiza. Wutar da za ta bi ta ƙasa amfiya 2.3 ce kacal. MCB mai 16 za ta zauna abinta har shekara, jikin firizar kuma yana ɗauke da kusan cikakkiyar wuta yana jiran wanda zai buɗe. Idan akwai RCD, nan take ta yanke tun kafin kowa ya taɓa. Idan kuma RCD ce babu at, ba za ta yanke ba sai mutum ya taɓa, jikinsa ya zama hanyar. Ana so su biyun.

Yanzu girman waya. Soket ɗinmu mai ƙafa uku masu kusurwa amfiya 13 yake ɗauka, wajen wat 3,000 kenan. Dutsen guga yana cin 1,000 zuwa 2,000, injin wanki mai tukunya biyu bai cika wuce 500 ba, firiza ɗari ɗaya zuwa biyu sai dai tana fizgar ninkin haka lokacin tashi. Waya mai lamba 2.5 ta isa wannan. A littafi, 2.5 a cikin fayif a jikin bango tana ɗaukar amfiya 24, amma an yi wannan lissafin ne a kan zafin digiri 30. A digiri 40 ana ninka shi da 0.87, a 45 da 0.79, sai ya koma wajen 19. Katangar da ranar Afrilu ke duka a Kano ta kai haka. Shi ya sa na ce bireka 16, ba 20 ba. Wanda yake son 20 ya sayi waya lamba 4. Lamba 1.5 ta fitila ce, kada a yarda a ja soket da ita ko da an ce ai firiza ce kawai, domin gobe wani zai jona dutsen guga.

Nisa ma yana cin wuta. Waya 2.5 tana zubar da milibolt 18, wato kashi 18 cikin dubu na bolt, a kowace amfiya a kowace mita. Mita 25 ɗinka a kan amfiya 16 ya ba da bolt 7.2, yana cikin haddi, domin iyakar da aka yarda wa soket kashi 5 cikin 100 ce, wato bolt 11.5. A mita 40 ake cin wannan iyakar. Sai dai ka auna tsawon yadda wayar za ta bi, da hawa da sauka da kewayen kwana, ba tsawon da ido ke gani ba. Mita 25 a tsaye takan zama 35 a bango. Kuma a unguwar da wuta ta saba zuwa da rauni, kowane bolt yana da daraja ga injin firiza, to daga mita 30 na fi son lamba 4, wadda zubarta milibolt 11 ce.

A kula da jabun waya. Akwai wadda cikinta alminiyom ne aka shafe bayanta da jan ƙarfe. Turjiyarta ta fi ta gaske da kusan rabi, tana karyewa a ƙarƙashin sukurun soket, kuma danshi yana cinye ta da wuri. Ka kankare zaren da wuƙa, idan fari ya fito ka ajiye ta. Ka ɗaga naɗin a hannu, ta gaske tana da nauyi. Zaren 2.5 guda ɗaya kaurinsa kusan milimita 1.8 ne, kuma mita 100 nasa om 0.74 yake bayarwa a na'ura. Araha mai yawa a waya alama ce.

Ta ina wayar za ta bi? A gidajenmu masu katanga kewaye, hanya mafi sauƙi da sauƙin gyara ita ce jikin bango: fayif na roba mai kauri, milimita 20, zare uku a ciki, layif da nutural da at. Idan za a fasa bango a binne a yi filasta, ya fi kyau, rana ba za ta same shi ba. A bi layi miƙaƙƙe, ko dai a kwance ko a tsaye daga soket, kada a yanka a karkace, saboda mai buga ƙusar igiyar shanya ya iya hasashen inda waya take. Idan a fili za a kafa, a nemi fayif mai jure rana ko a shafa masa fenti, domin farin fayif na cikin ɗaki yana gautsi bayan 'yan shekaru a rana. A kama shi da maƙalli kowane santimita 60 zuwa 75. Roba tana miƙewa da zafi: mita 10 takan ƙaru da kusan santimita 2 tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin azahar, to a doguwar tafiya a bar mahaɗi ɗaya mai zamewa ba a sa masa gam ba, in ba haka ba fayif ɗin zai lanƙwashe ya fizge daga akwati.

Idan dole sai an ratsa fili, ana binne kebul mai sulke ne, wanda aka nannaɗe da wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin baƙar rigarsa, mai zare uku. Rami ya kai santimita 50, inda ake shuka ko mota ke takawa 60. A tsince duwatsu, a shimfiɗa yashi mai laushi kamar santimita 5 zuwa 10, a kwantar da kebul ba a ja shi ya yi tsauri ba, a sake rufe shi da yashi, a jera jan bulo ko fale-falen siminti a kai, a mayar da ƙasa, sannan kamar santimita 15 kafin sama a shimfiɗa ledar gargaɗi mai launin rawaya. Mai haƙa ya ci karo da leda da bulo kafin digarsa ta kai ga wuta. Kafin a rufe ramin a ɗauki hotonsa da waya, tare da awon nisansa daga bango. Sulken nan ana kama shi da maƙallinsa na tagulla a bakin akwati, a haɗa shi da at, domin idan diga ta huda, ta fara taɓa ƙarfen da zai sa RCD ta yanke. Sulken da aka yanke aka bar shi a sake bai yi rabin aikinsa ba.

Abin da ba a yi: binne farar waya ta cikin ɗaki kai tsaye a ƙasa, ko zura ta a tiyon ba-ruwa. Gara da ɓera suna cin rigarta. Fayif ɗin da aka binne a ƙasa kuma ko yaya aka liƙe shi yana tara ruwa, zaren cikin gida ba a yi shi domin ya shekara a jiƙe ba. Sannan babu haɗi a ƙarƙashin ƙasa. A sayi kebul guda ɗaya da ya kai. Haɗin da aka murɗe aka naɗe da salatif aka binne shi ne tushen yawancin matsalar da ke tashi da ruwan farko. Idan kebul ya yanke daga baya, akwai akwatin haɗi na musamman da ake cika shi da ruwan ƙaro mai daskarewa.

Ratayawa ta sama ba ta burge ni a tsakar gida, saboda tsani da gora da igiyar shanya. In babu makawa, a ɗaure kebul a jikin wayar ƙarfe mai ɗaukar nauyinsa, tsayi bai gaza mita 3.5 ba, inda mota ke shiga kuma 5.2.

Sai soket ɗin. A jikin na waje za ka ga IP da lamba biyu. Ta farko ƙura ce, ta biyu ruwa. IP44 yana tare fantsalin ruwa da abin da ya fi milimita 1 girma, bai tare ƙura ba. IP55 yana rage ƙura yana jure feshin tiyo. IP66 ƙura ba ta shiga, kuma yana jure feshi mai ƙarfi. Mu da muke da ƙurar hunturu wata uku da ruwan da iska ke kaɗowa a kwance, IP66 ne namu. Ƙura ita kaɗai ba ta ɗaukar wuta sosai, amma idan ta taru tsakanin layif da at sannan danshin damina ya same ta, sai ta zama hanya.

Ga abin da masu saye ke mantawa: wasu soket ɗin lambarsu tana aiki ne kawai idan babu filogi a ciki. Ana jona abu murfin ya tsaya a buɗe, ya zama soket ɗin ɗaki. Firiza kuwa dare da rana a jone take. A nemi mai zurfin murfi wanda ke rufuwa ya kulle alhali filogi yana ciki, wayar ta fito ta wata tsaga mai roba a ƙasa. Ka tafi kasuwa da filogin firizar ko irinsa ka gwada, domin wasu manyan filogai da adafta ba sa barin murfi ya rufu.

Wurin kafawa: mita 1 zuwa 1.2 daga ƙasa, sama da inda ruwa ke kaiwa idan tsakar gida ta cika kuma sama da hannun mai rarrafe. Kada ya zo ƙarƙashin indararo ko bakin kwano inda ruwa ke zuba. A nisanta shi da famfo da wurin alwala da bakin rijiya da kamar mita 2, injin wanki ya kai gare shi da wayarsa amma mai wanki ba zai iya taɓa shi hannu ɗaya a ruwa ba. A nisanta shi da murhu da tukunyar gas. Bangon da ke samun inuwa ya fi, roba da zoben da ke tare ruwa sun fi daɗewa.

Fayif ya shiga akwatin ta ƙasa, ba ta sama ba. Wanda ya shigo ta sama duk ruwan da ya samu hanya a cikinsa a kan sukurori zai sauke. Idan ta bayan bango wayar ta fito, a huda ramin da ɗan gangare zuwa waje, a toshe da silikon. Ramukan sukurun kafawa ma a rufe su da 'yan murafun da suka zo da shi. Yawancin akwatunan suna da alamar wurin huda ƙaramin rami a ƙasa domin raɓar da ke taruwa a ciki ta fita. A huda shi inda aka nuna kawai, milimita 5, kuma a riƙa dubawa, domin zanzaro yana son irin wannan ramin, tururuwa ma haka.

Wajen ɗaurawa, idan kana fuskantar soket, layif tana dama, nutural hagu, at a sama, kuma an rubuta L da N da E a baya. Launi iri biyu ne a kasuwa: tsohon tsari ja da baƙi da kore, sabon tsari ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin rawaya. A bi guda ɗaya daga farko har ƙarshe. A feɗe kamar santimita 1, zare ɗaya a ninka bakinsa biyu domin sukuru ya kama da kyau, kada jan ƙarfe ya leƙo waje, kada kuma sukuru ya danne riga. A ɗaure tam sannan a ja kowane zare a gani. Sako-sakon sukuru shi ke ƙona soket, ba yawan lodi kaɗai ba. Wayar at a bar ta ta fi sauran tsawo kaɗan, idan an fizgi kebul ita ce za ta fita a ƙarshe. Kada a taɓa haɗa nutural da at a bayan soket da sunan samar da at. Kuma nutural ɗin layin waje ta fito daga RCBO ɗinsa, ba a aro ta daga fitilar da ke kusa ba, in an yi haka da an jona abu za ta faɗi.

Janareta da inbata su ne inda aiki mai kyau yakan lalace ba a sani ba. RCD tana aiki ne saboda a taransifoma an haɗa nutural da ƙasa, wutar da ta zurara tana da hanyar komawa gida. Ƙananan janareta da yawa, da wasu inbata idan suna kan batir, ba su da wannan haɗin. Alamarsa ita ce a auna a ga kowace waya tana nuna wajen bolt 110 zuwa ƙasa, testa tana kamawa a ramuka biyun. A irin wannan hali laifin farko, kamar waya ta taɓa jikin firiza, ba ya faɗar da RCD, yana zaune a ɓoye har na biyu ya zo. Maganinsa a haɗa nutural ɗin janareta da jikinsa da sandar at, a ɓangaren janaretan, kafin wuta ta iso RCD, kuma makunnin canjin layi ya zama mai yanke layif da nutural duka. Amma ba kowane janareta ke karɓar haka ba. Akwai waɗanda aka riga aka haɗa tsakiyar naɗinsu da jikinsu, idan aka ƙara wannan haɗin sai naɗin ya ƙone. A duba takardarsa, a auna, kafin a ɗaura. Inbata da yawa na zamani suna da wurin da ke yin haɗin da kansa idan wutar kamfani ta ɗauke, sai dai a tabbatar an kunna shi. Ka kuma yanke shawara ko layin waje zai hau inbata. Firiza ta dace, dutsen guga zai zuƙe batir. Idan haka ne a ba firiza layinta da RCBO ɗinta daban, wanda kuma zai hana matsalar wurin wanki ta ɓata maka nama. Famfon burtsatse, idan akwai, shi ma ba a jona shi a soket ɗin wanki, layinsa daban da makunninsa.

Kafin a taɓa waya, a kashe duka ukun: wutar kamfani, janareta, inbata. Wutar kamfani da ta ɗauke ba a kashe take ba, tana iya dawowa kowane lokaci. Testa mai kwan nan ba shaida ba ce, a rana ma ba a ganin haskenta. A yi amfani da na'urar awo, a gwada ta a wurin da aka san akwai wuta, a auna layin da za a taɓa, a sake gwada ta a wurin farko.

Bayan an gama, kafin a ba da cikon kuɗi, mai aikin ya nuna maka abu huɗu. Cewa at ɗin soket tana haɗe har zuwa sanda. Cewa rigar waya lafiya take, da na'urar da ke tura bolt 500, sakamakon bai gaza megaom 1 ba, wato om miliyan ɗaya, sabuwar waya ma ɗaruruwa take bayarwa. Ana cire duk kayan da ke jone kafin wannan awon. Cewa layif tana dama. Sannan a gwada faɗuwar RCD daga bakin soket ɗin da na'urar gwajinta, sau uku: a kan wutar kamfani, a kan janareta, a kan inbata. Maɓallin gwaji mai alamar T da ke jikinta yana nuna cewa ita kanta tana motsi, amma bai san ko akwai at ba, zai faɗar da ita ko da an yanke wayar at gaba ɗaya. Wanda ba shi da waɗannan na'urori ya aro ko ya kira mai su. Hukumar NEMSA ce ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa a Najeriya, babu laifi ka nemi ganinta. Ga 'yan'uwa na Nijar, soket ɗinsu mai ƙafa zagayayyu ne na amfiya 16 kuma filogin ba shi da fis, sauran bayanin duk ɗaya ne. Su dai karanta lambar da ke jikin babbar birekar bayan mita, a tsarin Faransa 500mA takan kasance, ba ta maye gurbin mai 30.

Daga nan sai kulawa. A danna maɓallin T duk wata shida, sau ɗaya kafin damina sau ɗaya bayanta, ƙura tana iya sa ta maƙale. A lokacin a kashe layin, a buɗe murfi, a goge ƙura, a duba zoben roba ko ya tsage, a duba ko akwai baƙi ko narkewa a bakin ramuka. Idan RCD ta fara faɗuwa, a zare duk filogai a mayar da ita. Ta tsaya, to laifin yana jikin ɗaya daga kayan, a jona su ɗaya bayan ɗaya. Dutsen guga mai tururi da injin wankin da ruwa ya shiga motarsa su ne kan gaba. Ta ƙi tsayawa babu komai a jone, to ruwa ne a akwati ko rauni a kebul, a bar layin a kashe har a auna. Tana iya faɗuwa tun daga miliamfiya 15, saboda haka tsofaffin kaya biyu ko uku masu ɗan zurara kowannensu suna iya haɗuwa su kayar da ita. Ba a maganin wannan da sauya ta da mai 100mA, ana neman kayan da ke zurarar ne a gyara.

Iyalin gida kuma su san inda makunnin layin yake, a rubuta masa suna a akwatin. Idan wuta ta kama wani, ba a kama shi da hannu. A kashe wutar, in ba a kai ga makunni ba a ture wayar da busasshen katako ana tsaye a busasshen wuri. Wanda ya suma ba a ɗura masa madara ko ruwa, yana iya shaƙewa. In ba ya numfashi a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya nemo mota. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a duba bugun zuciyarsa.